Igiyar da Na Sa Maka a Jaka

Daga Taba, zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka warware takardar nan daga cikin igiya, ka riga ka sauka Ikara lafiya, ka sha ruwa, ka huta. Ka gaida mini gwaggonka Rabi da maigidanta Malam Hamisu. Ka durƙusa sosai, ba irin gaisuwar da kake yi mini a tsaye kana sosa ƙeya ba. Innarka ta ce a gaishe ka tun kafin ka tafi. Kakarka kuwa ta ce in gaya wa mijinta, tunda ya gudu ya bar ta ba cefane, su haɗu gaban alƙali.

Ka yi haƙuri da rubutun. Bokon da ka koya mini ne a gindin mangwaro kana yi mini dariya. Duk inda ka ga ya karkace, malamina ne bai iya ba.

Na so in faɗa maka maganar nan da baki. Shekaranjiya a gonar masara na gwada. Na ce, "Babana, zo mu yi magana." Sai ka fara murmushi, kana shafa bayan rigarka ko na ɗaura maka wani abu. Ni ma dariya ta ƙwace mini, maganar ta mutu a nan. Tun lokacin murmushin nan naka yake damuna. Yaro ya ji ubansa ya ce zo mu yi magana, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne an ɗaura masa ganye a riga. Ba laifinka ba ne. Ni na saba maka.

Bari in fara da inda muke tsaye, don kada ka ce ba a faɗa maka ba. Malam Hamisu ya yi ta zirga-zirga kafin ya samo maka gurbi a aji uku na ƙaramar sakandare a can. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a gabana ya faɗa: ƙara ɗaya ta zo masa daga makaranta, ya sa ka a mota. Baffanka Idi kuma, wanda ke riƙe da gidan nan tun rasuwar Baba, ya ce in ka dawo, boko ya ƙare, ka kama linzamin dokinmu Akawal a injin matse rake. Ka san Yaya Idi ba ya maimaita magana. Ka kuma san in ya yanke, bakina ba shi da nauyin da zai ɗaga ta. Shekarar nan ita ce ta jarrabawar shiga babbar sakandare. Ita kaɗai ke gare ka, ba wata a bayanta.

Ka san abin da ya jawo, amma zan maimaita, don in ka karanta shi a rubuce ka ga yadda yake ba tare da ihun yara ba. Kowace shekara, washegarin cika-ciki, kana bi na kasuwar Makarfi. Kana ganin yadda nake lallaɓawa in zarga wa Kanawan da ke zuwa sayen hatsi igiya a ƙugu, in ce na kama bawana, sai ya biya shara. Su zage ni, in zage su, a yi ta dariya, su kai ni wurin mai shayi. Mu Zage-zagi da Kanawa haka muka taso muka tarar. To bana sai ka tuna Malam Garba, malaminku na lissafi, Bakano ne. Ka zare igiyata daga bayan ƙofa ka cusa a jakar makaranta. Ana tsakiyar taron safe, ga baƙi daga ofishin ilimi a tsaye, ka bi ta bayansa ka zarga masa ka ja. Bawan Allah ya yi taga-taga, hula ta faɗi, tabarau ya bi ta ya fashe. Kai kuma kana ta faɗin "Sai ka biya shara!" kana jiran a yaba maka.

Da labari ya iso gida, ka ga abin da na fara yi. Dariya. Har da dafa bango. Innarka ta dube ni, ta shige ɗaki. Da a ce lokacin nan na haɗe fuska, wataƙila da ka gane tun ranar. Amma ka ga ubanka yana hawayen dariya, me za ka gane?

Kashegari na je makaranta ba da haƙuri. Ban ba ka labarin yadda aka yi ba. Tun daga ƙofa maigadi ya washe baki, ya ce, "A'a, Sale Tsokana! Yau wa ka zo kamawa?" Na shiga ofis, na cire takalmi, na durƙusa, na ce afuwa na zo nema wa yarona. Shugaban makaranta ya riƙa kallon hannuna yana jiran ya ga abin da zan fito da shi daga aljihu. Wani malami ya juya baya, kafaɗarsa tana rawa. Na rantse, na sake rantsewa. Ba wanda ya yarda da gaske nake. Sai da na koma gida na ɗauko Yaya Idi. Ya faɗi abin da na faɗa, ko kalma ɗaya bai ƙara ba, sannan aka saurara. Aka ce ba za a rubuta maka kora ba, amma a nema maka wata makaranta.

Babana, ranar nan na ga abin da wasa ya bar mini. Ɗana yana cikin matsala, na buɗe baki don in cece shi, mutane suna jiran inda abin dariyar zai fito. Duk ƙasar Kudan ba wanda ke ƙina, kowa yana so in zauna a majalisarsa. Amma in za a je neman aure ko sasanta rigimar iyakar gona, sai ka ji an ce, "A bar Sale ya tsare gida." Wannan nake tsoro a kanka, fiye da faɗuwa jarrabawa. Kada ka zama mutumin da in ya yi kuka sai a ce ya iya kwaikwayo.

Babban kuskurena a kanka tun kana goye na fara shi. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci. A gidanmu uba yana jin kunyar ɗan fari. Ban taɓa ganin Baba ya zauna tabarma ɗaya da Yaya Idi suna hira ba. Ni sai na ga wannan tsohon yayi ne. An haife ka gemu bai gama fito mini ba, na ɗauke ka abokin wasa. Tare muka sa wa kakarka ƙadangaren roba a ƙwaryar fura. Tare muke musanya wa mutane takalma a ƙofar masallacin Juma'a, mu koma gefe muna kallo. Wata rana Inna ta kira ni, ta ce, "Sale, yaron nan yana da kaka, yana da taubasai. Masu wasa da shi sun ishe shi. Uba ne ba shi da shi." Ka san me na ce mata? Na ce, "Inna, kishi kike yi don na ƙwace miki miji." Aka yi dariya, magana ta wuce. Ba ta wuce ba, ga ta nan mun tarar da ita a gaba.

Na koya maka wasa, ban koya maka cewa yana da masu shi ba. To ka ji yanzu. Kakarka taka ce, ka tsokane ta har ta jefe ka da mafici. Bashir ɗan gwaggonka taubashinka ne, ku yi ta yi, halal ɗinku. Bakano sa'anka a filin ƙwallo, ka ce masa bawanka, zai rama. Amma malami, ko daga tsakiyar birnin Kano ya fito, malami ne. Malam Hamisu kuma mijin gwaggonka ne, ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan. Kada ka taɓa masa hula, kada ka taɓa masa babur, kada ka kwaikwayi tafiyarsa ko da ka tabbata ya fita. Na san ka lura da tafiyar, ni ma na lura, mu bar ta a nan. Ka tuna Ikara bakin iyakar Kano take. Mai yiwuwa rabin malamanku Kanawa ne. In ka ce sai ka kama su duka, igiyar duniya ba za ta ishe ka ba.

Akwai kuma waɗanda nake jin tsoro tun ban gan su ba. Ba za ka yi sati ba yaran ajin za su gane kana da ban dariya, don abin a fuskarka yake. Za su kewaye ka: "Ɗan Taba, yi mana muryar malamin Turanci." "Ɗan Taba, yi mana ta jiya." Daɗin wannan kiran na san shi, ya fi mazarƙwaila zaƙi, shi ya riƙe ni har yau. Amma ka tambayi kanka: ranar igiya, makaranta guda ta yi ihu. Wa ya raka ka ofis? Ka nemi aboki ɗaya ko biyu cikin masu zama layin gaba, ko da hirarsu ba ta da gishiri. Kai ma can za ka zauna. Bencin baya irin namu ne, na san abin da ake shukawa a wurin.

Yanzu maganar karatun kansa. Ni ban yi boko ba, amma na san yadda ake lalata karatu, don na lalata nawa da hannuna. A makarantar allo ni ne na fi kowa saurin wanke allo. Ba don na fi su kai ba. Ina da aboki mai ƙaramar murya, ina zama jikinsa. In malam ya ce in biya, shi yana jan baƙi a hankali ta bayan allonsa, ni ina ɗaga murya. Malam ya ce, "Madalla, je ka wanke." In wanke, a yi mini ƙari, in sake wankewa. Na wuce sa'annina ina yi musu gwalo. Ranar da malam ya ce kowa ya kawo tilawa tun daga farko, ya raba mu wurin zama, na kasa kawo ko sura ɗaya. Allunan da na wanke duk sun bi ruwa, ba abin da ya zauna. Aka mai da ni cikin ƙananan yara. Kunya ta sa na fara zillewa gona, daga nan na daina zuwa. Waɗanda nake yi wa gwalo suka yi sauka, aka yanka musu rago. Ni na je na ci nama, na ba mutane dariya.

Malam Hamisu ya gaya mini jarrabawar nan taku irin wannan tilawar ce: tun daga aji ɗaya ake ɗebo tambaya. Ga shi ƙarshen zangon da ya wuce a gida ka yi shi. Don haka abin da ba ka gane ba, kada ka wuce shi don kawai an buɗe sabon shafi. Ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba. Za a yi maka dariya, to sai me? Kai da ka saba neman a yi dariya, ga ta nan kyauta. In malam ya wuce, ka bi shi bayan an tashi, da ladabi. Kuma kada ka kwafi aikin gida a littafin Bashir. Ranar jarrabawa za a raba ku wurin zama, kamar yadda aka raba ni da mai ƙaramar murya.

Sai lokaci. Shekarar da Baba ya fara bar mini kaskon mazarƙwaila, ina ta jin kaina. Ka san yadda aikin yake: ruwan rake yana kan wuta, kana kwashe kumfa, kana jira ya yi kauri. Akwai ɗan taƙi da in ya kai sai a sauke nan take. Ruwa ya kusa kaiwa sai na hango Tanko, mai kora mana doki a lokacin, yana barci a inuwa, baki buɗe. Na ce bari in je in ɗaure masa ƙafar wando a jikin turke in dawo, ai ba daɗewa zan yi ba. Na ɗaure, na tsaya in ga tashinsa. Ƙauri ne ya dawo da ni. Kasko guda ya ƙone ƙurmus, raken da mutane suka wuni suna sara. Baba bai dake ni ba. Ya miƙo mini ƙarfe ya ce in kankare. Ina kankara ya tsaya a kaina ya ce, "Da ka sauke kaskon ka je, ai da za ka tarar da Tanko yana barcinsa." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kai ma haka. In ka dawo makaranta, ka yi salla, ka ci abinci, ka sauke kaskonka tukuna: aikin gida da bitar abin da aka yi ranar. Ƙwallo tana nan, Bashir yana nan, gidan kallo ba zai tashi daga Ikara ba. Shi gidan kallon ma sai Malam Hamisu ya ce to, kuma ka shigo gida kafin magariba ta rufa. Na ƙi ba ka waya ba don rowa ba. Na ga yadda tawa take cinye mini yini, ni da nake da gemu. In kana son jin muryar innarka, ka roƙi gwaggonka ta kira.

Abin da ya fi tsaya wa innarka a rai shi ne tashin safe. A nan murya uku ke tashinka: tata, ta kakarka, sannan ruwan buta. A wurina ka gado. Inna ta tashe ni har na yi aure, ta miƙa wa innarka aikin. Har yau in ta tafi biki ta kwana, rana ce ke yi mini kiran salla, in fito ina ɓoye fuska. Namiji da 'ya'ya, ka ji fa. A gidan gwaggonka ba mai bin ka da buta, tana da nata yaran da za ta shirya. Masallaci yana jikin katangarsu. Ka kwanta da wuri, ka shimfiɗa tabarmarka ta wajen taga, kiran farko ka miƙe zaune kafin shaiɗan ya ce maka saura kaɗan. Makara ma ƙara ce, Babana. Ba sai ka zarga wa wani igiya ba za a aiko wa Malam Hamisu.

Ka ci abin da aka ba ka, kada ka ce ba haka innarka take yi ba. Ka ɗebi ruwa ba sai an ce ba. Titin Ikara ba hanyar gonarmu ba ce, 'yan acaɓa ba sa duba yaro, ka duba hagu da dama ka sake dubawa. In zazzaɓi ya kama ka, ka faɗa tun da wuri, kuma ka faɗa da fuskar gaske don a yarda.

An ce in kun shiga babbar sakandare ana raba ku, wasu kimiyya, wasu wani fannin. Ban san kan abin ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na dai tuna lokacin da Akawal ya yi ciwon ciki, likitan dabbobi ya zo daga Kudan. Ka bi shi da tambaya har ya ce a janye masa yaron nan. Da ya tafi ka ce irin aikinsa za ka yi. Ranar ban ga wasa a idonka ba. In har yanzu yana ranka, an ce sai da lissafi da kimiyya, kuma makin bana ake dubawa. Ba raina aikin rake nake yi ba, shi ya ciyar da mu, shi ya ɗinka maka yunifom ɗin da ke jakarka. Amma in za ka kama shi, ina so ka kama don ka zaɓa, ba don an koro ka ba.

Ka san wa ya gaya mini maganar makin? Malam Garba. Satin da ya wuce na je gidansa ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na kai masa tabaransa da aka gyara. Ya bar ni a tsaye a zaure har ƙafata ta gaji, sannan ya fito. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ina jin shi ne mutum na farko da ya saurare ni har ƙarshe bai nemi abin dariya ba. Ya ce, "Malam Sale, a kasuwa ni Bakano ne, ka kama ni duk shekara in ka iya. A gaban ɗalibai ni malami ne. In suka yi mini ihu yau, gobe da wane baki zan koya musu?" Na ce haka ne. Ya ce, "Yaronka yana da kai. Kafin in gama rubutu a allo ya gane, shi ya sa yake samun lokacin iya shege. Ku ce a riƙa ƙara masa aiki." Ya ce ya yafe, har ya yi maka addu'a. Na juya zan tafi sai na ji ya ce, "Ku Zage-zagi dama yaushe kuka yi hankali?" Wallahi amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai kyau kuwa. Na haɗiye ta. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irinta ba, amma ga ni ban mutu ba. Kai ma za ka iya.

Saura igiya. Ita ce dai wadda ka sani, shugaban makaranta ya ba Yaya Idi, shi kuma ya jefo mini ita a tsakar gida. Na wanke ta. Ka nemi izinin gwaggonka ka ɗaura ta a bayan ɗakinku. Yunifom biyu gare ka, ba mai wanke maka. Ka wanke ɗaya kana sanye da ɗaya, ka shanya a kanta, kada ka bari sai safiyar Litinin ka tsaya kana hura wa riga iska. Aikinta ke nan daga yau.

Igiyar kamu ɗaya gare ni, ga ta a wurinka. An ce kafin cika-ciki mai zuwa kun gama jarrabawa. Har zuwa lokacin Kanawan kasuwar Makarfi sun huta, ni ma zan gwada zama mutum a nan, kana yi a can ina yi a nan. Ban san wanda zai fi shan wuya ba tsakaninmu. In ka gama lafiya, ka kwance ta ka kawo mini da hannunka. Abin da ba na so shi ne in ji tsayuwar mota a bakin hanya tsakiyar zango, in leƙa in gan ka da jaka, igiyar nan a ciki.

Allah Ya tsare ka a hanya da gida da makaranta. Allah Ya raba ka da mugun aboki da mugun ciwo, Ya buɗe maka ƙirji, Ya sa abin da ka karanta ya zauna. Allah Ya ba ka bakin da in ka yi magana za a saurara. Ya saka wa gwaggonka da maigidanta da alheri. Ya dawo mana da kai lafiya, a lokacin da ya kamata. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Sale.

Ka shafa bayan rigarka in kana so. Wannan karon ban ɗaura komai ba.